Idan Ciwo Ya Hana Ka Magana, Wa Zai Yi a Madadinka? Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasiyyar Jinya

Likita ba ya yi wa baligi mai hankali aiki sai da yardarsa. A kan wannan ƙa'ida ladubban aikin likita da dokokin ƙasashe da dama suka tsaya. Matsala tana tasowa ne ranar da majinyaci ya kasa cewa "na yarda" ko "ban yarda ba": ya yi doguwar suma bayan haɗari, ko jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa, ko cutar mantuwa ta ci ƙarfinsa. A ranar dole wani ya yanke shawara. An ƙirƙiro takardun da ke ƙasa ne don mutum ya faɗi, tun yana kan ƙafafunsa, wanda zai yanke da abin da yake so a yanke. Dokokinsu sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani wurin ma daga jiha zuwa jiha, don haka duk inda magana ta shafi ƙasa ɗaya an ambaci sunanta.

Waɗanne takardu ake nufi?

Iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su.

Ta farko ita ce wasiyyar jinya. A cikinta mutum yake rubuta irin jinyar da ya yarda a yi masa da wadda ya ƙi, idan ya kai matsayin da ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Wani lauya ɗan birnin Chicago mai suna Luis Kutner ne ya yi rubutun da ya fito da wannan tunani a 1969, jihar Kalifoniya kuma ta zama ta farko a Amurka da ta ba takardar ƙarfin doka a 1976.

Ta biyu ita ce takardar naɗa wakilin jinya. A nan mutum kake zaɓa, ka ba shi ikon zama da likitoci ya yanke a madadinka.

Ta uku ta likita ce, shi yake rubutawa a fayil ɗin majinyaci bayan sun tattauna da shi ko da wakilinsa. Wadda aka fi sani ita ce umarnin kada a yi yunƙurin farfaɗo da zuciya idan ta tsaya. Wannan ta masu ciwo mai tsanani ce ko waɗanda tsufa ya raunana ƙwarai, mai lafiya ba ya buƙatarta.

Idan ɗaya kawai za ka iya yi, ka yi ta biyu. Takarda ba ta yi wa likita tambaya, ba ta jin amsa, ba ta kuma san sabon maganin da ya fito bayan an rubuta ta ba. Wakili yana yin duk wannan.

Ai na riga na rubuta wasiyya. Ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba. Wasiyyar dukiya sai bayan mutuwa take aiki, galibi ma ba a buɗe ta sai an yi jana'iza. Wasiyyar jinya kuwa aikinta yana farawa ne mai ita yana raye, ya ƙare da mutuwarsa. Haka ita ma takardar wakilcin da ka ba wani don ya kula maka da asusun banki ko gidan haya: ba ta ba shi bakin magana a asibiti. A dokokin ƙasashe da yawa wakilci na yau da kullum yana rushewa ne daidai lokacin da mai bayarwa ya rasa hankalinsa, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Shi ya sa aka yi wani nau'i na musamman mai ɗorewa bayan gushewar hankali.

Ni matashi ne, lafiyata ƙalau. Mene ne nawa a ciki?

Shari'o'i uku da suka gina wannan fanni a Amurka duk na mata matasa ne da ba su kai shekara 30 ba.

Karen Ann Quinlan tana da shekara 21 ta faɗi a sume a 1975. Iyayenta suka nemi a cire mata na'urar numfashi, asibiti ya ƙi, sai da Kotun Ƙolin jihar New Jersey ta ba su izini a 1976. Abin mamaki, da aka cire ta ci gaba da numfashi da kanta, ba ta rasu ba sai 1985, ba tare da ta farfaɗo ba.

Nancy Cruzan ta yi haɗarin mota a 1983 tana da shekara 25, ba ta sake dawowa hayyacinta ba. Maganarta ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta yanke a 1990, alƙalai 5 a kan 4, cewa jiha tana da damar neman hujja bayyananniya mai gamsarwa kan abin da majinyaciyar take so kafin a cire mata robar abinci. Ba ta bar komai a rubuce ba. Sai da wasu tsofaffin abokan aikinta suka fito suka ba da shaidar maganar da ta taɓa yi musu aka cire robar, ta rasu a Disambar shekarar. A wannan shekarar ne Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su tambayi duk baligin da aka kwantar ko yana da irin wannan takarda.

Ta ukun Terri Schiavo ce, wadda zuciyarta ta tsaya a 1990 tana da shekara 26, aka farfaɗo da zuciyar amma ita ba ta dawo hayyacinta ba. Mijinta ya ce ba za ta so a riƙe ta da roba ba, iyayenta suka ce ba haka ba ne. Shekara bakwai ana shari'a, har majalisa da shugaban ƙasa suka sa baki, ta rasu a Maris 2005. Kowanne ɓangare ya ce don ita yake yi, kuma babu layi ɗaya da hannunta da zai raba gardamar.

Duk da haka, wani nazari da aka buga a 2017 ya nuna kusan mutum ɗaya ne cikin uku na manya a Amurka ya cike irin wannan takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma yawancinmu ranar muke neman wuƙa.

Yaushe takardar take fara aiki, kuma wa ke cewa na kasa yanke shawara?

Muddin kana iya yankewa da kanka, takardar tana barci. Wakilinka ba shi da ikon cewa komai, ko da kana kwance a gadon asibiti.

Likitan da ke duba ka ne yawanci yake auna wannan, wasu wuraren kuma doka tana neman likita na biyu ya tabbatar. Dokar Ingila da Wales ta 2005 ta ba da ma'auni mai sauƙin fahimta: shin mutum yana gane bayanin da aka yi masa, yana riƙe shi na ɗan lokacin da zai yanke shawara, yana iya auna amfani da illa, yana kuma iya isar da zaɓinsa ko da da ƙifta ido ne ko matse hannu? In ya kasa ɗaya daga cikin huɗun saboda wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko hankali, ya rasa ikon yanke wannan shawarar.

A lura, wannan shawarar kaɗai. Tsohuwar da cutar mantuwa ta fara kamawa tana iya kasa auna haɗarin tiyatar zuciya, amma ta san sarai ba ta son allura a hannun hagu. Dokar ta kuma ce zaɓin da ya yi kama da wauta ba hujja ba ce ta rashin hankali. Mai hankali yana da damar ƙin maganin da kowa ke ganin zai cece shi. Sannan abin yana tafiya yana dawowa: zazzaɓi mai zafi ko maganin barci na iya ɗauke wa mutum tunani yau, jibi ya dawo garau, ikonsa ya dawo tare da shi.

Ko babu takarda, ba matata ko 'ya'yana ne za su yanke ba?

Ya danganta da inda kake, kuma nan mutane suka fi shan mamaki. Yawancin jihohin Amurka suna da jerin wanda ke gaba da wani: miji ko mata, sai manyan 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa. A Ingila kuwa dangi na kusa ba shi da ikon yankewa a doka don kawai shi dangi ne. Likitoci za su ji ta bakinsa, amma su ne za su yanke bisa abin da suke ganin ya fi wa majinyacin alheri. A Jamus sai a Janairun 2023 doka ta ba miji ko mata wannan iko kai tsaye, shi ma na wata shida kacal.

Ko inda jerin yake, yana iya ɗora nauyin a kan wanda ba ka so: matar da kuka daɗe da rabuwa ba a kammala saki ba, ko 'ya'ya biyar masu iko daidai wa daida da ra'ayi biyar.

To wa ya kamata in naɗa?

Wanda ya fi son ka ba lalle ne ya fi dacewa ba. Wani lokaci son ne ma yake hana shi bin abin da ka ce. Ka nemi wanda zai iya tsayawa gaban likita ya ce "ban gane ba, a sake yi min bayani", wanda ba ya ruɗewa in ya ga jini da na'urori, wanda ake samunsa a waya, wanda kuma zai iya jure fushin sauran dangi. Mafi muhimmanci, wanda zai faɗi ra'ayinka ko da ya saɓa wa nasa.

Kada ka ɗauka kusanci kaɗai ya isa ya san zuciyarka. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike da dama ya gano cewa wakilai da dangi suna cankar zaɓin majinyaci daidai a kashi 68 cikin 100 na lokuta. Wato kusan sau ɗaya cikin uku suna kuskure, alhali mata ne da miji, uwa ce da ɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai faɗa ba kowa hasashe yake.

Dole ya zama baligi. Wurare da yawa sun hana naɗa likitan da ke duba ka ko ma'aikacin gidan jinyar da kake zaune. Kuma ka tambaye shi kafin ka rubuta sunansa. Ana samun mutanen da sai a bakin ɗakin masu ciwo mai tsanani suke jin cewa su ne wakilai.

Zan iya naɗa mutum biyu don kada wani ya ji haushi?

Doka tana bari a wurare da yawa, amma ban ba da shawarar a ce sai sun haɗu sun yarda ba. In suka saɓa, ko ɗaya yana cikin jirgi, komai ya tsaya. Ka naɗa ɗaya, ka sa na biyu ya zama mai jiran gado idan na farko ya rasu ko ya kasa. Sauran ka gaya musu da bakinka dalilin zaɓinka, tun kana iya rarrashinsu.

Me zan rubuta a cikin wasiyyar jinyar?

Kuskuren da aka fi yi shi ne jimla ɗaya mai faɗi, irin "kada a tsawaita min rai da na'ura". A 2016 babbar kotun tarayyar Jamus ta ce irin wannan jimla ita kaɗai ba ta isa ta ɗaure likita ba, sai an fayyace wane magani, a wane hali. Kotun ta yi gaskiya. Na'urar numfashi ta kwana huɗu ga mai ciwon huhu da ake sa ran zai tashi daban take da na'urar numfashi ga wanda sankara ta gama bazuwa a jikinsa, ko da yake injin ɗaya ne.

Saboda haka ka fara da yanayi. Idan ciwo ne da ba ya warkewa kuma ajali ya kusa. Idan doguwar suma ce da likitoci suka ce babu alamar farfaɗowa. Idan cutar mantuwa ta kai inda ba ka gane kowa, ba ka iya haɗiya. A ƙarƙashin kowanne ka faɗi ra'ayinka kan farfaɗo da zuciya, na'urar numfashi, abinci da ruwa ta roba, wankin ƙoda, ƙarin jini, babbar tiyata, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Ba dole amsar ta zama "e" ko "a'a" ba. Akwai hanyar tsakiya da likitoci suka sani sosai: a gwada na ƙayyadadden lokaci, in babu ci gaba a dakatar. Ga mutane da yawa wannan ce ta fi dacewa da abin da ke ransu.

Maganar robar abinci ta fi kowacce taɓa zuciyar iyali, don ciyar da mara lafiya shi ne abin da suke ganin ya rage a hannunsu. Yana da kyau a san cewa ga mai cutar mantuwa da ta yi nisa, ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ba ta ba da shawarar sa robar, ta fi son a riƙa ba shi a baki a hankali, don bincike bai nuna robar tana ƙara masa kwana ko hana abinci shiga huhu ba. Ga wanda aka yi wa tiyatar maƙogwaro kuwa, robar ita ce gadar da zai haye ya warke.

Daga ƙarshe ka ƙara sakin layi da kalmominka: abin da ke sa rayuwa ta zama rayuwa a wurinka, abin da ka fi tsoro, inda kake so ƙarshenka ya riske ka in da hali, da abin da addininka ya ɗora maka. Wannan sashen bai yi kama da doka ba, amma shi wakilinka zai jingina da shi ranar da abin da ba ka hango ba ya faru, kuma galibi abin da ba a hango ba ne yake faruwa.

Me ya sa ake ware farfaɗo da zuciya da takarda ta daban?

Domin babu lokacin shawara. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan jini ya daina kai mata, don haka ma'aikatan gaggawa suna fara aiki nan take sai in sun ga umarnin likita da ya ce kada a yi. Ba za su tsaya karanta wasiyya mai shafi shida ba.

Aikin kansa ya fi yadda ake zato tsanani. Ana danna ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, ana iya haɗawa da girgizar lantarki da zura roba a maƙogwaro. Karyewar haƙarƙari abu ne da aka saba gani. A manyan asibitocin ƙasashe masu arziki, kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda aka yi wa haka ne suke fita asibiti da rai. Idan a waje zuciyar ta tsaya, kusan ɗaya cikin goma. Ga mai ciwon da ya riga ya cinye shi, ƙasa da haka nesa. Ga matashin da lantarki ya ja ko ya nutse a ruwa, wannan aiki rahama ce babba. Shi ya sa amsar take bin halin mutum.

In na ƙi wasu magunguna, ba za a yi watsi da ni ba?

Umarnin kada a farfaɗo da zuciya abu ɗaya kawai ya hana. Ana ci gaba da ba da magani, iskar numfashi, ƙarin ruwa, har tiyata in ta kama. Maganin raɗaɗi, tsafta, juya majinyaci don kada ya yi gyambon kwanciya, jiƙa masa baki, waɗannan ba sa tsayawa. A Ingila ma doka ba ta yarda mutum ya ƙi irin wannan kulawa ta asali tun da wuri ba, kamar ɗumi da tsafta da miƙa masa abinci da ruwa a baki. Duk da haka tsoron yana da tushe, don akwai ma'aikatan da ke fahimtar umarnin fiye da yadda yake. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa kana son a yi duk abin da zai sauƙaƙa maka ciwo.

Wannan ba kashe kai ba ne ta bayan gida? Me addini ya ce?

Doka da likitanci suna bambanta abu biyu: barin ciwo ya yi tafiyarsa ba tare da na'ura ta tare shi ba, da kuma ba mutum abin da zai kashe shi. Na biyun laifi ne a mafi yawan ƙasashen duniya. Ƙalilan ne suka halatta shi, kamar Holand da Beljiyam a 2002 da Kanada a 2016, kuma da dokoki na daban. Takardun da muke magana a kai na farkon suka shafa.

A ɓangaren Musulunci, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986 ta yanke cewa ya halatta a cire na'urori idan ƙwararrun likitoci sun tabbatar dukkan aikin ƙwaƙwalwa ya tsaya babu dawowa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ita ma a 1987 ta halatta cirewar idan likitoci uku ƙwararru sun tabbatar, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Malamai sun fi tsanantawa kan yanke abinci da ruwa, kuma sun haɗu kan haramcin gaggauta mutuwa da gangan. A ɓangaren Katolika, Fafaroma Pius na 12 ya bayyana a 1957 cewa wajibi ne a yi amfani da hanyoyin jinya na al'ada, amma ba a ɗora wa mutum waɗanda suka wuce misali ba.

Ka tuna takardar ba ta da ɓangare. Kana iya rubuta cewa kana son a yi duk abin da zai yiwu har ƙarshe, kana iya rubuta cewa a tuntuɓi malaminka kafin a cire komai.

To zan iya tilasta wa likita ya yi min wani magani?

A'a, a mafi yawan wurare. Ƙin magani haƙƙinka ne, kuma yana ɗaure likita. Neman magani buri ne da za a yi la'akari da shi, amma ba a tilasta wa likita yin abin da ya ga ba shi da amfani a likitance.

Sai na ɗauki lauya?

Galibi ba dole ba ne. Ma'aikatun lafiya da asibitoci da yawa suna da fom na kyauta. Abin da ke rushe takarda yawanci ƙananan sharuɗɗa ne. A Ingila, in za ka ƙi maganin da ke riƙe rai, dole ya zama a rubuce, da sa hannunka, da shaida, da kuma jimla da ke cewa ka ƙi ko da hakan zai kai ga rasa ranka. Takardar wakilci kuma ba ta aiki sai an yi mata rajista a ofishin gwamnati mai kula da ita, rajistar tana ɗaukar makonni. Jihohin Amurka da yawa suna neman shaidu biyu ko jami'in tabbatar da sa hannu, wasu kuma sun hana magaji zama shaida. A Indiya, Kotun Ƙoli ta amince da wasiyyar jinya a 2018, amma ta gindaya matakai masu wuya har da sa hannun majistare, sai a 2023 ta sassauta.

Mutumin da ya fi kamata ka zauna da shi likita ne, musamman in kana da ciwo mai daɗewa. Shi zai gaya maka mararrabar da ciwonka ya saba kai mutane. Lauya yana da amfani idan kana hango rigima a cikin iyali.

Likita zai iya yin watsi da abin da na rubuta?

Yana iya yi idan takardar ba ta cika sharuɗɗa ba, ko ba ta yi magana kan halin da ake ciki ba, ko akwai alamar ka canza ra'ayi. A Faransa tun 2016 wasiyyar tana ɗaure likita, ban da lokacin gaggawa har a gama tantance halin majinyaci, da kuma inda ta fito fili ba ta dace da halinsa ba. Wasu jihohin Amurka suna dakatar da ita idan mace tana da juna biyu. Likitan da zuciyarsa ba ta yarda ba, yawanci ana buƙatar ya miƙa ka ga wani.

Amma yin watsi da ingantacciyar takarda yana da sakamako. A Kanada, wata mata mabiyiyar Shaidun Jehobah, ƙungiyar addinin da ba ta yarda da ƙarin jini ba, ta yi haɗari an kai ta asibiti a sume, da kati a jakarta mai cewa kada a ƙara mata jini. Likita ya ga katin, ya ƙara mata, ta rayu. Ta kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta tabbatar a 1990 cewa ya taɓa jikinta ba da izini ba, aka ci shi diyyar dalar Kanada 20,000. Mutum na iya jin tausayin likitan, ni ma ina ji, amma hukuncin ya nuna jikin na mai shi ne ko yana sume.

In na canza ra'ayi fa?

Muddin hankalinka yana nan, kana iya sokewa kowane lokaci, a wurare da yawa ko da baki kawai. Sai dai ka bi tsofaffin kwafin ka karɓe, ka sa kwanan wata a sabuwar. Ka sake dubawa idan an gano maka sabon ciwo, ko jikinka ya ja baya, ko wakilinka ya rasu, ko aure ya mutu. A Ingila da jihohin Amurka da dama saki yana soke wakilcin miji ko mata kai tsaye, a wasu wuraren kuwa tsohuwar matarka tana nan a matsayin wakiliya har sai ka cire ta.

Mutane suna canzawa fiye da yadda suke zato. Mai lafiyar da ya rantse gara mutuwa da zaman keken guragu, sau da yawa in abin ya same shi sai ya ga rayuwar tana da daɗinta.

Ƙasar da nake ba ta da doka a kan wannan. Akwai amfanin rubutawa?

Akwai. Ko takardar ba ta ɗaure kowa a kotu, ita ce hujja mafi ƙarfi kan abin da kake so, kuma likita da iyali sun fi samun natsuwa da rubutun hannunka a kan "ina jin ya taɓa cewa". Wanda yake zama tsakanin ƙasashe biyu ya cike fom na kowacce, ya tabbatar ba su saɓa wa juna ba.

An naɗa ni wakili. Me ake so in yi?

Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: da zai farka na minti biyar ya ji bayanin likita, me zai ce? In ka sani, shi za ka faɗa. In ba ka sani ba, sai ka auna abin da ya fi masa alheri bisa halinsa da aƙidarsa. Ka tambayi likitoci abin da ake fata in komai ya tafi daidai, da abin da ake tsoro, da abin da ya fi yiwuwa. Kana da damar neman ra'ayin likita na biyu, da neman kwamitin ladubban asibiti ya zauna in an saɓa. Zama wakili ba ya sa kuɗin asibitin ya zama bashinka, sai in ka sa hannu a takardar ɗaukar nauyi, don haka ka karanta abin da aka miƙo maka.

Nauyin yana da yawa. Wakilai da dama suna daɗewa suna jin kamar su suka yanke ran. Waɗanda aka gaya wa tun da wuri sun fi samun sauƙi, don sun san saƙo suka isar.

Ta yaya zan ɗauko maganar ba tare da an ce ina kiran mutuwa ba?

Kada ka tara mutane kamar za a raba gado. Ka jira dalili: rashin lafiyar wani da kuka sani, ko labarin da aka ji. Ka fara da kanka: "Na ga yadda suka sha wahala, ba na so ku shiga irin wannan a kaina." In aka ce "Allah ya kiyaye, bar wannan magana", ka ce amin, ka bari, ka dawo bayan mako biyu. Da iyaye tsofaffi kuwa tambaya ta fi bayani: "Baba, in ciwo ya yi tsanani, wa kuke so ya yi magana da likita?" Sau da yawa sun daɗe da amsar, ba a dai tambaye su ba ne.

A ina zan ajiye takardar?

Ban da akwatin banki, ban da durowar da kai kaɗai ke da makullinta. Ka ba wakilinka kwafi, ka ba mai jiran gadonsa, ka ba likitanka ya sa a fayil. Ka ɗauki hotonta a waya, wakilin ma ya ɗauka. Ka sa ɗan kati a walat mai cewa kana da wasiyyar jinya, da sunan wakili da lambarsa. Wasu ƙasashe da jihohi suna da rajista ta intanet da asibitoci ke iya dubawa. Duk lokacin da za a kwantar da kai, ko don ƙaramar tiyata ce, ka tafi da kwafi ka miƙa wa ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe ka.